Sunan Gleice a Kan Layukana

"Rômulo, sunan wa nake gani a nan?"

Na juyo masa da kwamfutar da ƙarfi har gahawarsa ta fantsalo a kan tebur. Ranar Asabar ce da hantsi, mu tara muna zaune a ɗakin da muke haɗuwa a tsohuwar unguwar birnin Recife. Kowa ya ɗago kai.

"Nayara, sassauta murya mana..."

"Karanta min!"

Ya gyara tabarau ya duba. "Gleice."

"Sauka ƙasa."

"Gleice... Gleice..."

"Shafi ɗari da sittin, Rômulo! Kowane layi Gleice!"

Shekara uku ina rubuta littafin jagorar Umbu. Umbu manhaja ce ta kyauta da ƙananan asibitocin karkara ke ajiye ranakun rigakafin yara a cikinta. Kowa na iya ɗaukarta ya gyara, amma gyara ba ya shiga sai Rômulo ya amince, don shi ya fara gina ta. Su suna rubuta wa inji, ni ina rubuta wa ma'aikaciyar jinyar da za ta zauna gaban injin ba mai nuna mata. A aikinmu kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe, kuma da wannan sunan muke neman aiki.

Gleice, wadda watanta huɗu kacal da shigowa cikinmu, ta dafa ƙirji tana zaro ido.

"Haba 'yar'uwa! Layukan ne suka yi tsawo, na daidaita su. Ko kalma ɗaya ban canza ba. Ko ba haka ba, Rô?"

Rô!

Shekara biyu muna soyayya da Rômulo ban taɓa gutsure masa suna ba.

"Gyarana kwana goma sha ɗaya yana jiranka," na ce masa. "Nata fa?"

Ban jira amsarsa ba.

"Minti ashirin! Na duba. Har da 'yar alamar zuciya ka liƙa mata a ƙasa."

"Kowa nake liƙa wa."

"Ni rabona da ita tun watan Mayu."

Wani ya yi tarin da ba na tari ba. Na tattara kayana na fita. Na tsaya a bakin gada na minti biyar cur, wai ko zai biyo ni.

Bai biyo ni ba...

A gida na tarar da Mainha, mahaifiyata, tana kankare kwakwa. Kallo ɗaya ta yi min.

"Rômulon nan mai gemu ne ko?"

"Mainha, don Allah."

"Na faɗa miki! Ƙato da shi, wai yana gina abu yana rabawa kyauta. Kyauta za ku dafa ku ci? Ke ma kin biye masa, kin yi digiri kina rubuta wa duniya littafi ba ko sisi. Ki zauna jarrabawar aikin gwamnati kin ƙi. Ga Adalberto nan a kotu, da albashinsa da motarsa, kowace Lahadi yana zuwa cin abinci yana kallonki kamar zai yi kuka."

"Ke kike gayyato shi ai."

"Ni ɗin! Kuma gobe ma yana tafe."

Abin da Mainha ba ta sani ba shi ne na nemi aiki. Wata gidauniya a São Paulo mai tallafa wa manhajojin kyauta tana neman marubuci ɗaya, cikakken albashi, shekara biyu, kuma daga gida. Irin wannan gurbin ba ya fitowa sau biyu a shekara. Littafin Umbu na tura musu a matsayin shaidar aikina.

Ranar Talata saƙonsu ya shigo, daga wata mata mai suna Dona Heloísa:

"Mutum biyu sun turo mana littafi ɗaya, kowacce ta ce nata ne. Za mu gana da ku tare ranar Juma'a ta bidiyo."

Na karanta sau uku.

Ashe daidaita layuka ke nan!

Na ɗauki waya zan kira Rômulo, sai na ci karo da hoton da Gleice ta saka da safe. Ga ta a bakin teku a Boa Viagem, riƙe da ɗanyar kwakwa, sanye da hular da nake sakawa idan ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Jar hular da na zaɓa da kaina, wadda har yau akwai zanen farcena a gefenta. Ta rubuta a ƙasa: "Aiki da shugaba akwai daɗi."

Ban kira ba. Mota na hau har gidansu.

Yana tsugune a tsakar gida yana wanke babur.

"Ka ba ta hulata?"

"Rage mata hanya na yi."

"Hanyar gidansu ta teku take bi?"

Ya jefa soso a bokiti ya miƙe. Idanunsa sun yi ja.

"Ke har kina da bakin tambaya? Yaya Adalberto?"

"Me ya kawo Adalberto?"

"Na ga hoton, Nayara. Kina zuba masa wake yana washe baki. An ce min aikin São Paulo ma da shi kuka shirya, kuna samu ku tafi."

"Wa ya ce?"

Ya kau da kai.

"Wa ya ce, Rômulo!"

"Gleice ce ta nuna min. A shafin mamanki ta gani."

Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Shi ya sa ka jingine gyarana? Maimakon ka tambaye ni? Aikin daga gida ake yi, ko jirgi ba zan hau ba! Kuma ita mai kawo maka labarin, ka san ta nemi aikin? Da littafina! Da sunan da kai ka buga mata a kai!"

Fuskarsa ta canza.

"Ba ta faɗa min ba..."

"Ina za ta faɗa maka, Rô?"

"Rabin raina, tsaya ki ji..."

"Kar ka taɓa ni da hannun sabulu! Ka riƙe Umbu ɗinka, ka riƙe marubuciyarka."

Kwana biyu yana kira ina kashewa. Na so in buɗe tsohon tarihin gyare-gyare in tura wa gidauniyar, don komai yana nan ga mai haƙurin tonawa. Amma zuciya ta hana ni ko leƙa shafin. Duk na rufe ido hular nan nake gani a kanta, hannunta zagaye da ƙugunsa.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na zauna a falo. Mainha tana kicin, wai tana tsince shinkafa, kunnenta duk yana wajena.

Fuska uku a allo. Gleice ta sha kwalliya, bayanta kantar littattafai. Dona Heloísa dattijuwa ce mai furfura, ba ta murmushi.

"Tambaya ɗaya gare ni," ta ce. "Babi na tara, wanda ke bayanin abin da za a yi idan wuta ta ɗauke, ya bambanta da sauran. Babu jimlar da ta wuce kalma shida, kuma babu inda aka ce a danna maɓalli biyu tare. Me ya sa? Gleice, fara."

Gleice ta gyara gashi. "To... salon zamani ne. Bincike ya nuna gajeren rubutu ya fi jan hankali."

"Maɓallan fa?"

"Shi ma... don sauƙi."

"Nayara?"

Na matso kusa da allon.

"Saboda Dona Cícera ne, ranki ya daɗe. Ita kaɗai ce ma'aikaciyar jinya a wani ƙauye, tafiyar awa bakwai daga nan. Ta rubuto cewa littafina ba ya mata amfani, na ji haushi na je in gani da idona. Na tarar da ita da jariri yana tsala ihu a hannun hagu, wuta ta ɗauke, batir saura kaɗan, iyaye mata sun yi layi har waje. Da hannu ɗaya take aiki. Ba ta da lokacin karanta doguwar jimla, ba ta da hannu na biyu. A motar dawowa na sake rubuta babin, na aika mata sau huɗu kafin ta ce ya yi."

Dona Heloísa ta cire tabarau.

"Gleice, kina da abin cewa?"

Allon Gleice ya yi baƙi. Ta fita.

"Dama na san amsar," in ji dattijuwar. "Tun shekaranjiya mai riƙe da manhajarku ya janye wancan gyaran, ya rubuta a fili inda kowa zai gani cewa kuskurensa ne, kuma ke kika rubuta littafin. Amma na so in ji yadda kike tunani. Za ki iya farawa ɗaya ga wata?"

Ban san lokacin da na fasa ihu ba. Mainha ta fito da tiren shinkafa a hannu.

"Nawa za su biya?"

Na faɗa mata. Ta nemi kujera ta zauna.

"Don rubuta yadda ake danna maɓalli?"

"Eh, Mainha."

"Ikon Allah..."

Da la'asar aka buga ƙofa. Mainha ta riga ni. Rômulo ne, ya sa riga mai maɓalli, har gemun ya taje.

"Barka da yamma, Dona Zuleide."

"Ba ta nan."

"Ga ƙafarta can ina gani a bayan labule."

Na fito na harɗe hannu.

"Na karanta abin da ka rubuta."

"Bai isa ba, na sani." Ya dube ni. "Kishi ne ya rufe min ido. Na ga wani yana cin abinci a kujerar da ban taɓa zama ba, sai na huce a kan aikinki. Wannan ne ya fi ƙona min rai, Nayara. Na san wahalar da kika sha a kan littafin nan fiye da kowa."

"Ita fa?"

"Ta fice daga cikinmu da kanta. Na rantse ban taɓa kallonta da wata manufa ba."

"Amma ka ji daɗin yadda take kallonka."

Ya sunkuyar da kai. "Na ji. Ki yafe min, zumata."

Da ya musa, da na rufe ƙofar. Hawaye suka zubo min, na bar shi ya riƙe hannuna.

Mainha ta yi gyaran murya.

"Kai malam mai kyauta. 'Yata ba kyauta ba ce. Me kake nufi da ita?"

"Aure, Dona Zuleide. In kin yarda. Ina da aikin da nake yi wa wani kamfani da rana, ba mai yawa ba ne, amma yana riƙe gida."

"Shekara biyu ba wanda ya gaya min!"

"Ba ki taɓa bari na wuce bakin ƙofa ba."

Ta kalle shi daga sama har ƙasa, ta kalle ni ina share hanci da gefen riga. Ta ja dogon tsaki, ta matsa gefe.

"Shigo. Ka goge ƙafarka. Kuma a coci za a ɗaura, ba a kwamfuta ba."

A watan Disamba aka ɗaura. Mainha ce ta fi kowa rawa.