Zoben da Aka Ciro Daga Rijiya

Si Bushta ba ya wanke duk tsohon zoben da ya saya a gwanjo. Cewa yake tsatsar ce shaidar tsufa. Na yau na tagulla ne, ya yi kore, har da laka. Dillali ya ce masu yasar wata tsohuwar rijiya a nan birnin Fas na Maroko suka tsinto shi.

Bayan magariba yana tafe a lungun gidansu, sai warin ruwan da ya daɗe a rufe ya buge shi. Wata mata ce tsaye jikin bango, mayafinta na ɗiga, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe.

"Sidi, kai ka sayi zoben?"

"Lalla, baiwar Allah, gwanjo ya tashi. Nemi dillali."

"Ba karɓa na zo yi ba, riƙe abinka." Muryarta kamar daga can ƙasa take tasowa. "Uwata ce ta sa min shi."

Ta miƙo hannu. A yatsanta akwai koren shati, daidai faɗin zoben.

"Tambaya ce kawai, Sidi. Da suka ciro shi, ba wanda ya ce a ciro ni?"