Azurfar Dogo

"Baba, don Allah kada ka canza tashar nan! Yanzu za a kira shi..."

"A kira wa? Mutumin da sana'arsa ya ruga da gudu ya faɗi ta baya a kan katifa?" Baba ya ajiye rimot ɗin yana tsaki. "Ni kafinta ne, Auta. Abin da na ƙera ana zama a kansa. Shi me yake ƙerawa?"

Auta ta haɗiye kukanta. Tun bara masoyinta Dogo yake neman izinin turo manyansa, Baba yana cewa sai ya ga kamun ludayinsa. Ita kuwa ta gama sa wa ranta cewa zinaren gasar tsalle ta ƙasashen nan ne kaɗai zai tausasa zuciyar tsohon. In ya kuɓuce, shi ke nan.

Umma ta jawo ta kusa. "Zauna, 'yar nan. Ki ga fa bai canza tashar ba."

Gaskiyar Umma ce. Baba dai ya juya kujerarsa wai ba kallo yake ba, amma wutsiyar idonsa tana kan talabijin.

'Yan tsalle biyu suka rage, Dogo da wani siririn saurayi na wata ƙasa. An ƙara ɗaga sandar da suke tsallakewa, Dogo ya gwada sau uku yana kayar da ita. Saura gwajin ƙarshe na saurayin. In shi ma ya kayar, zinare na Dogo ne, domin shi bai yi kuskure a baya ba.

Sai ga saurayin yana ta dube-dube a ƙasa, ido ya raina fata. Kowane ɗan tsalle yana manna ɗan salatif a inda zai fara gudu, da shi yake daidaita takunsa. Nasa ya ɓalle, ya bi takalmin wani. Ga agogo yana ta tafiya.

"Alhamdulillahi..." Auta ta faɗa a hankali, kunya ta kama ta nan take.

Ba ta rufe baki ba ta ga Dogo ya miƙe. Ya taka har wurin, ya tsuguna, ya nuna wa saurayin gurbin da salatif ɗin ya bari, kusa da nasa. Ya yago wani daga jakarsa ya manna masa.

"Wayyo, Dogo! Me ka yi haka?"

Saurayin ya sheƙo da gudu, ya tashi sama, ya haye. Sandar ko motsi ba ta yi ba. Filin ya kaure da ihu, Dogo ne ma ya fara rungume shi.

Auta ta kifa kai a cinyar Umma, ta fashe da kuka. Tana son sa, tana jin haushinsa, duk a lokaci guda.

Can Baba ya yi gyaran murya.

"Ya san in ya yi shiru shi ne da zinaren?"

"Ya sani, Baba..."

"Kuma ba wanda zai zarge shi?"

"Babu."

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Na yi aiki da mutane iri-iri, Auta. Kaɗan ne za su ga ma'auninka ya goce su faɗa maka. Wanda ya yi wa abokin hamayyarsa haka, ba zai cuci 'yata ba. Ki ce ya turo."

Ta ɗago a firgice. Umma ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Da la'asar wayarta ta yi ƙara.

"Ki yafe min, abar ƙaunata," in ji Dogo, murya a dishe. "Azurfa na samo. Na san Baba..."

"Baba ya gani, masoyina. Komai ya gani."

"To... me ya ce?"

Ta share hawaye tana dariya, wani sanyi yana ratsa ƙirjinta.

"Ya ce ka yi maza ka dawo gida. Kuma kada ka zo kai kaɗai."