Akwatin da Muryar Michael Ke Ciki

Ranar Litinin da hantsi wata budurwa ta shigo caji ofis na Zuru riƙe da hannun wani tsoho. Idanunsa sun yi fari da yana, amma yana jin an ce ga Sufeto sai ya ƙame ya sara. Tsohon soja ko ya makance ba ya ɓuya.

"Saje Japhet, mai ritaya. An yi mini sata, Yallaɓai."

"Zauna, Baba Saje," in ji Sufeto Yari. "Mi anka ɗauka?"

"Kwamfuta. Tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur."

Yari ya ɗan yi ajiyar zuciya. A makon nan kaɗai an kore shanu a hanyar Danko, an ƙwace babur a hanyar Ribah, ga shi kuma an kawo masa kwamfutar da ko kyauta aka ba wani sai ya yi shawara. Har ya buɗe baki zai tura su wurin kofur, sai tsohon ya ƙara magana.

"Ɗana yana ciki."

Budurwar, wadda ta ce sunanta Keziah, ita ta yi bayani. Yayanta Michael soja ne, an kashe shi a fagen daga a arewa maso gabas, can aka binne shi, ko gawarsa ba su gani ba. Lokacin yana raye, duk zuwan da ya yi hutu sai ya juye hotuna da bidiyo da saƙonnin muryarsa a cikin kwamfutar. Tun rasuwarsa, kullum da yamma sai an kunna wa tsohon ya saurara. Ba shi da kabarin da zai ziyarta, wannan akwati shi ne abin da ya rage masa.

"Jiya muna coci aka fasa ɗakin," in ji ta. "'Yan sa-kai sun kama wani ɗan gwangwan, Jabiru, da aka gani a layinmu. Sun karya masa hannu, ba su sami komai a buhunsa ba. Yana asibiti."

Yari ya miƙe ya ɗauki hularsa, ya ce kofur ya tayar da mota. Shi ma yana da ƙane a soja.

Gidan yana bayan gari, gindin dutse, da rumbu biyu a tsakar gida. An banƙare ƙarfen kwaɗon ɗakin tsohon. A ciki akwai tebur da aka lulluɓe da ƙyalle har ƙasa, a kansa ga allon kwamfutar, ga sifiku, ga rediyo, ba wanda aka taɓa.

Yari ya ɗaga ƙyallen ya durƙusa. Akwatin ba ya nan, amma wayoyinsa suna nan, an kwance su ɗaya bayan ɗaya an nannaɗe, har an ɗaure su da roba. Shekarunsa a wannan aiki bai taɓa ganin ɓarawo mai ladabi irin wannan ba.

"Ban da ku biyu, wa ke taɓa ta?"

"Abel," in ji tsohon. "Yana yi mini golmo."

Golmo shi ne aikin da saurayi ke yi wa uban budurwa shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Da can noma ne kawai da gyaran rumbu, amma a gidan Saje Japhet an ƙara wa Abel wani aikin da kakanninsa ba su san shi ba. Michael ya bar wasiyya cewa kowane wata a haɗa kwamfutar da intanet a sabunta mata kariya, don kada cuta ta shiga ta cinye abin da ke ciki. Tsohon bai san yadda ake yi ba, amma ya riƙe maganar kamar umarnin kwamanda. Wata na kamawa sai ya tambaya ko an yi.

Aka kira Abel daga gona. Ya shigo da laka a ƙafa, ya tsuguna nesa da surukinsa, kansa a ƙasa.

"Yaushe ka yi mata aikin wanga wata?" Yari ya tambaya.

"Laraba, Yallaɓai. Na haɗa ta da datar wayata, ta yi afdet, ta gama lafiya."

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau."

Tsohon ya juyo da kunnensa. "Amma tun Laraba ban ji shi ba. Ka ce afdet ɗin wannan wata mai nauyi ne, a bar ta ta huta sai Lahadi."

"Haka ne, Baba. Tsohuwa ce, tana zafi."

"Jiya ina kake sa'adda anka fasa ɗakin?"

Keziah ta riga shi amsawa. "Muna coci tare. Yana cikin mawaƙa, tun farko har aka tashi."

Yari ya dube ta, ita kuwa ta dubi bango. Ya yi musu sallama.

Masu gyaran kwamfuta a Zuru ba su da yawa, kuma duk wanda ya saci irin wannan kaya dole ya bi ta kansu. Na farko da na biyu suka yi masa dariya. Na uku shi ne Fidelis, mai shago a bakin kasuwa, mutumin kudu da ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa.

"Oga, ni ba na sayen kayan sata," in ji shi, tun kafin Yari ya gama tambaya. "Ban gani ba, ban ji ba. Kuma wa zai saya? Abin da fankarsa ma da roba aka ɗaure ta?"

"Wace fanka?"

"Ta cikin akwatin mana."

"Ni ban ce maka komi game da cikinta ba. Ni kaina ban taɓa ganinta ba."

Fidelis ya hau goge tebur da ba shi da datti. Ramin ƙarya ƙurarre ne, nasa kuwa ko taku ɗaya bai kai ba. Da Yari ya ce ya rufe shago su tafi ofis, sai bakinsa ya buɗe.

"Wani yaro ya kawo ta Laraba, cikin ruwan nan mai ƙarfi, ya naɗe ta a leda. Abel. Ba ta tashi. An yanke mata wuta tana tsakiyar afdet, tsohuwar na'ura kuwa ba ta da batir, shi ke nan ta rikice. Na ce masa hanya biyu ce. Ko in cire faifan ajiya in kai Birnin Kebbi a kwashe abin da ke ciki, wannan sai sati biyu. Ko in yi mata fomatin, a share komai a sa sabo. Ya ce ba shi da sati biyu. Ya ce abin da ke ciki akwai shi a wayar yarinyarsa."

"Muryar mamaci ke ciki, ɗan mai ita. To, yanzu ana iya maido da shi?"

Fidelis ya sosa ƙeya. "Da na bar ta haka, wataƙila. Amma na sa mata sabon tsari, na yi mata duk afdet. Kuma ka san yadda muke yi wa kwastoma gyara. Na cika masa ita da waƙoƙin coci da finafinai har ba sauran wuri. Sun hau kan tsohon abin, Oga. Ko wa ka kai wa, babu."

"Ka tabbata?"

"Na rantse da Allah. Da na san muryar mamaci ce, da ban taɓa ba."

Yari ya fito daga shagon. Ya gano ɓarawo, amma abin da aka aiko shi nema ya riga ya mutu tun kafin a kawo ƙara. Wannan aiki yana da ranaku marasa daɗi, wannan kuwa tana cikin munanansu.

Saura fata ɗaya, wayar Keziah. Ya same ta a bakin rijiyar layinsu, ya ja ta gefe.

"Ki ba ni wayarki in ji muryar yayanki."

Ta ajiye guga. "Babu, Yallaɓai. Bara wayar ta cika, na goge. Na ce ai suna nan a kwamfuta."

"Abel ya san haka?"

"Ranar Juma'a ya tambaye ni, kamar da wasa. Da na faɗa masa sai ya zauna a ƙasa, ya ce kansa ke ciwo." Ta dube shi. "Me ya sa kake tambaya?"

"Ni ke tambaya, ɗiyata. Jiya ya fita daga coci ko bai fita ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya fita lokacin wa'azi. Ya dawo ana addu'ar rufewa. Na ji tsoro a ce shi ne, a yi masa abin da aka yi wa Jabiru."

"Akwai wani abin da ya canza a gidan tun Juma'a?"

"Ya hana ni hawa ƙaramin rumbu. Ya ce tsanin ya lalace, shi zai riƙa ɗebo mini dawa."

Tsanin lafiyarsa ƙalau. Kofur ya hau ya ɗage jinkar rumbun, ya tura hannu cikin dawa, ya jawo wani abu a naɗe cikin leda. Aka sauko da shi aka ajiye a tsakar gida, gaban tsohon da ke zaune a kujerarsa.

Saje Japhet ya shafa akwatin da hannu biyu, fuskarsa ta washe. "Ita ce! Ita ce, Yallaɓai! Allah ya yi maka albarka. Keziah, haɗa ta."

Ba wanda ya motsa. Yari ya so a ce ƙasa ta tsage ya shige.

"Abel, kai za ka faɗa mishi ko ni?"

Abel ya zube a gwiwa. "Baba, ni na fasa ƙofar. Ni na ɓoye ta. Na kai ta gyara, na ce a share, ina zaton akwai wani a wayar Keziah. Ban tambaye ta ba sai da aka gama, don kada a san ta lalace a hannuna. Babu komai a ciki, Baba. Michael ba ya ciki."

Hannun tsohon ya tsaya a kan akwatin.

"Na ga gara ka ce an sace," Abel ya ci gaba yana kuka. "Wanda aka yi wa sata yana sa ran wata rana a gano. Ban san za su kama Jabiru ba."

"Ka ce mini afdet ta gama lafiya," in ji Yari. "Mai gyara ya ce wuta anka yanke mata tana tsakiyar aiki. An ɗauke wuta ran nan?"

"A'a."

"To, wa ya kashe ta?"

"Ni ne."

"Ƙarya kake. Kai da ka san aikin ba ka yin haka."

Abel ya kafe a kan shi ne. Ya ce ya bar ta tana aiki ya ruga gona don ya kwashe taki kafin ruwa, daga nan kuma ya ƙi ƙara ko kalma. Mai golmo ba ya ɗaga ido ya dubi surukinsa, balle ya ɗora masa laifi.

Tsohon ne ya yi magana, a hankali, kamar mai karanta abu daga nesa.

"Laraba hadari ya taso. Na ji tsawa. Ni kaɗai ne a gida." Ya shafa akwatin. "Na ji tana ƙugi a ƙarƙashin tebur. Na ce kada aradu ta bi waya ta ƙone mini yaro. Na lalubi bango na zare."

"Baba, ba kai ba ne," in ji Abel. "Allon ya rubuta kada a kashe, amma kai ba ka gani. Ni ya kamata in faɗa maka kafin in fita."

"Ni na zare," tsohon ya maimaita.

Garin neman gira an rasa ido. Kowa a gidan nan ƙoƙarin kare muryar ya yi, kuma ba wanda bai sa hannu wajen kashe ta ba. Abin ya yi wa Yari ciwo, har ya rasa wanda zai yi wa fushi.

"Ka sake shi, Yallaɓai," in ji tsohon. "Na janye ƙara."

"Taka ka janye, Baba Saje. Amma akwai wanda ke kwance asibiti da karyayyen hannu saboda ƙaryar da anka shirya a gidan ga. 'Yan sa-kai za su amsa nasu, shi ma sai ya amsa nashi. Tashi, Abel."

Ba a sa masa ankwa ba. Ya tashi ya bi kofur, ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo ko Keziah za ta dube shi. Ba ta ɗago ba, aka wuce da shi mota.

Yari ya tsaya ya ga an mayar da akwatin ɗaki, don tsohon ya nace sai an haɗa. Kwamfutar ta tashi nan da nan, da saurin da ba ta taɓa yi ba. Keziah ta buɗe nan, ta buɗe can, duk waƙoƙin mutanen da ba su sani ba. Tsohon ya saurari kowace har ya gaji.

"Kashe."

Ta kashe. Ɗakin ya yi tsit.

"Keziah, kin tuna yadda yake gaishe ni in ya fara magana? Akwai yadda yake jan sunana. Tun ɗazu nake nema a kaina, ya ƙi zuwa. Ki yi mini ko sau ɗaya."

Ta share hawaye, ta gyara murya, ta ce, "Baba."

Tsohon ya girgiza kai. "Ba haka ba ne."

Ta sake gwadawa. Yari ya sa hularsa ya fita, yana jin ta tana gwadawa har ya kai bakin titi.