Ina Ka Baro Auta?

Akwai wani yaro da ba shi da abin so kamar keke. Duk ranar Asabar, shi da babansa da ƙanwarsa Auta sukan hau kekunansu su bi wata siririyar hanya a bayan gari. Hanyar ta ratsa cikin bishiyoyi, ta hau tudu, sannan ta gangara har bakin rafi.

Wata rana kawunsa ya kawo masa tsarabar agogo. Agogon yana nuna nisan tafiyar mutum da saurinsa, har da bugun zuciyarsa. Wani abokinsa a makaranta ma yana da irinsa, kullum sai ya yi ta cika baki.

"Ni ko iska ba ta kama ni," in ji abokin.

Yaron ya ƙudura a ransa sai ya nuna masa iyakarsa.

Ranar Asabar, Baba ya tashi da ciwon gwiwa.

Ya ce, "Yau ba zan iya taka feda ba. Zan bi babbar hanya da mota in jira ku a bakin rafi. Ga Auta nan, amana ce a hannunka."

"To, Baba," in ji yaron, idonsa na kan agogo.

Suka sa hular kwano suka kama hanya. Da farko suna tafe tare, Auta tana ta surutu. Da suka fara hawan tudu, sai aka ji ƙaras!

"Yaya, tsaya! Cen ɗin kekena ya zame!"

Yaron ya waiwaya. Ya dubi Auta, ya dubi agogo. Bai taɓa yin sauri irin na yau ba. In ya tsaya, shi ke nan.

Ya ɗaga murya ya ce, "Mayar da shi ki biyo ni!"

"Ban iya ba, Yaya!"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya sunkuyar da kai ya ƙara wuta.

Ya iso bakin rafi yana haki, bakinsa har kunne.

"Baba, duba! Duba saurin da na yi!"

Baba ko kallon agogon bai yi ba. Hanya yake kallo.

"Ina ka baro Auta?"

"Tana... tana baya. Yanzu za ta iso."

Suka jira. Shiru. Babu Auta, babu alamarta. Mota ba ta shiga wannan hanya, sai Baba ya kama hawan tudu da ƙafa, yana ɗingishi yana cije baki. Yaron yana biye yana tura kekensa. Baba bai ko waiwaye shi ba. Shi kuwa da ma a ce faɗa aka yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Can sai ga Auta tafe da wata tsohuwa mai ɗauke da itace. Hannayen Auta sun yi baƙi ƙirin da man keke. Gwiwarta ta goge, jini na tsattsafowa.

Tsohuwar ta ce, "Malam, 'yarka ce? A mararraba na tsince ta tana kuka. Ta faɗi, kuma har ta kama hanyar da ke shiga tsakiyar daji. Wa ke barin yarinya kamar wannan ita kaɗai?"

Auta ta share hawaye ta ce, "Ni na ce wa Yaya ya tafi."

Yaron ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya yar da ita a daji, ga shi ita tana rufa masa asiri.

Ya ce da ƙaramar murya, "Ba haka ba ne, Baba. Ta kira ni. Na ji ta sarai, na ƙi tsayawa."

Baba ya yi wa tsohuwar godiya, sannan ya miƙa wa yaron hannu. Yaron ya cire agogon ya ba shi.

"Zai zauna a wurina sai na ga ka san abin da ya fi shi daraja," in ji Baba.

Yaron ya ɗora Auta a kan kekensa ya tura ta har mota, sannan ya koma ya ɗauko nata.

A gida, Mama ta wanke wa Auta ciwon ta sa magani. Aka kawo abinci, yaron ya kasa ci. Ya je ya tsuguna kusa da ƙanwarsa.

"Auta, ki yafe mini."

Ta turo baki. "Na yafe. Amma sai ka koya mini mayar da cen. Kuma kai za ka wanke mini kekena."

Mama ta yi dariya. "Ka ga alƙaliya! Ta yanke hukunci."

Da yamma suka kifa keken a tsakar gida. Ya nuna mata yadda ake ɗora cen a kan haƙora a juya feda a hankali. Ta gwada, ta kasa, ta sake gwadawa. Da ya hau daidai, ta yi tsalle ta shafa masa baƙin mai a hanci. Har Baba sai da ya yi dariya.

Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Motsa jiki abu ne mai kyau, ɗana. Amma duk saurin da zai sa ka bar ɗan'uwanka a baya, ba nasara ba ne. In an ba ka amana, ka riƙe ta har ka kai ta gida."