Wake Biyu a Tafin Inna

Kin taɓa ganin an nemi fasa aure saboda ciwon da ba a jikin amarya yake ba?

Inna Hussaina tana tsintar wake a tsakar gidanta na Gwandu ta yanke wa ɗanta hukunci.

"Zubair, ba da yawuna ba! Ƙanen yarinyar nan sikila gare shi. Biyu na binne kafin in same ka, ba ni binne jika!"

Amatullahi, budurwar Zubair, mai koyar da ilimin gadon halittar ɗan Adam a jami'a a Kalgo, ta sha kuka da labarin ya iske ta.

"Ki tura mata rizal ɗin gwajin jininki kawai," in ji Zubair a waya. "Ke fa AA ce!"

"Takarda ba ta lallashin uwa, Zubair."

Ranar Asabar ta daure wa kunya, gwaggonta ta raka ta Gwandu. Ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta roƙi ɗan wake, fari da ja.

"Inna, ƙwaya biyu kowane ɗa ke gada, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Sai ja ta gamu da ja ciwon ke fitowa. Ƙanena ja biyu ya samu, ni fari biyu. Daga gare ni ja ba ta zuwa."

"Zubair fa?"

Amatullahi ta sunkuyar da kai, ta ɗora fari da ja a tafin Inna, don ta san abin da gwajin jinin Zubair ya nuna ke nan.

Inna ta daɗe tana kallonsu.

"Nawa da suka rasu, hannuwansu kumbura suke, idanu su yi ɗorawa. Dangin Malam, mahaifin Zubair, suka ce nonona ne mugu. Shekara talatin ina ɗauke da wanga laifi!"

"Alamun sun yi kama da shi, Inna. In shi ne, ba nononki ba ne. Ɗaya daga gare ki, ɗaya daga Baba, kuma babu wanda ya zaɓa."

Inna ta fashe da kuka, ta jawo ta jikinta.

"Ɗiyata, na kore ki, kin zo kin wanke ni! Allah shi yi miki albarka!"

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Da Amatullahi ta yi zuciya, da ta rasa Zubair, Inna kuma ta mutu tana zargin kanta. Ilimi in ya zo da ladabi, har tsohon miki yakan warkar.

'Yar'uwa, ɗan'uwa, kafin a kai goro, ku je ku gwada jininku tare.