Tambayar da Aka Cire Daga Rahoto

Da ƙarfe bakwai na safe Mai Dubiya yakan farka a gidaje dubu huɗu na birnin Sabuwar Rima. Mutum-mutumi ne mai tsayin turmi. Yakan gangara bakin gadon tsoho ya yi sallama, ya tambayi jiki, sannan ya auna maganin ranar gwargwadon amsar da ya ji. Injiniya Balaraba Tanko ce ta ƙera shi, kuma don ta nuna ta yarda da aikinta, ɗakin mahaifiyarta, Inna Kande, ta kai na farko.

Cikin wata uku tsofaffi goma sha tara suka rasu. Inna ce ta goma sha ɗaya.

Shugaban kamfanin da take wa aiki, Dakta Sambo, mutum ne mai son a rufe magana kafin shayi ya huce. Ya ce batir ne, a canza. Balaraba ta ƙi, ta ce in ba a tono saiwar ba, gobe wani gidan za a je gaisuwa. Ta gwada batir, lafiya lau. Ta duba ƙwayoyin maganin, babu gurɓatacciya. Sai ta lura an yi ta rage wa mamatan magani kaɗan-kaɗan, domin injin ya rubuta suna warkewa. Me ya sa ya rubuta haka? Ta buɗe muryoyin da ya naɗa.

Muryar Inna ta fito, numfashi yana sarƙewa: "Da sauƙi, ɗan nan. Alhamdu lillahi."

Kwana arba'in tana faɗin haka, har safiyar da ta cika. Sauran sha takwas ɗin ma haka. Ai tsohon da ya san mutuncinsa ba ya kai kukan ciwo ga baƙo, ko da baƙon ƙarfe ne. Balaraba ta san wannan tun tana ƙarama, ba ta dai koya wa injin ba. Ta kifa kai a tebur ta yi kuka har muryarta ta dishe.

Dakta Sambo ya yaba aikin, ya ce a sa wa injin ido mai karanta fuska, shi ke nan.

"Ranka ya daɗe, saura tambaya ɗaya," in ji Balaraba. "Me ya sa babu wanda ya ga fuskar Inna?"

Ta nuna masa rajistar ƙofa, inda injin ke rubuta masu shiga da fita. A kwana arba'in ɗin nan ko sau ɗaya ita kanta Balaraba ba ta taka ɗakin Inna ba. A waya take dubawa, ta ga alamar lafiya, ta koma aiki. Ya yi wa Inna addu'a, sannan ya ce a cire wannan shafin daga rahoton, masu saye ba za su ji daɗinsa ba.

Aka sa idon, mace-macen suka tsaya, aka ƙara wa Balaraba girma. Da shekara ta zagayo ta sake buɗe rajistar ƙofofin birnin. Zuwan 'ya'ya wurin iyayensu ya ragu da rabi, tunda yanzu kowa ya san injin ba ya kuskure.