Kula Mai Ruwan Gwal

"Ajiye wannan abin, Yagana! So kike a yi min dariya a ofis?"

Kwanon samira ne a hannuna, mai hawa uku, irin wanda ake maƙalewa da ƙarfe a gefe. Muna tsaye a layin masu kwanuka na Kasuwar Litinin, rana tana dukanmu, mai shagon yana kallonmu yana danne dariya.

"Masoyi, duba fa. Tuwo a ƙasa, miya a tsakiya, nama a sama, babu mai taɓa wani..."

"Na ce ki ajiye! Ni leburan gini ne?"

Na ajiye. Na ɗauko roba mai murfi, ya watsa min harara. A nan kam na ba shi gaskiya, don a zafin garin nan miya ba ta kai azahar a roba ba ta yi tsami ba, ga manja in ya kama ta sai dai a haƙura.

Ni na kawo shawarar tun farko. Saurayin nawa, Hashim, yana aiki a wani kamfanin sayar da kayan sola a Moduganari, albashinsa kuwa gidan abinci ke lashe shi. Mun daɗe muna zancen aure, amma ko akwatin lefe ɗaya bai haɗa ba. Sai na ce ni zan riƙa dafa masa, mai keke ya kai, abin da yake kashewa a cin rana ya tara mana. Mahaifiyarsa Hajiya dama ba ta ƙaunar jin sunana. Cewa ta yi ɗanta ba zai kwaso mata 'yar masu ɗinkin hula ba. Ni kuwa da wautata na ɗauka in lefe ya haɗu bakinta zai mutu.

"Waccan nake so," in ji Hashim, yana nuna wata kula a can sama, mai ruwan gwal, silba a ciki, da 'yar jakarta ta ratayawa. "Irin ta Lubna ce sak."

Na juyo na dube shi.

"Wace ce kuma Lubna?"

"'Yar mai kamfaninmu ce. Haba hasken idona, kishi tun yanzu?"

Ya yi min murmushin nan nasa da ke kashe min jiki, shi ke nan na manta tambayar. Kuɗin hular da na gama ɗinkawa na zazzage na biya. Mun fito da niyyar tattali, mun koma da kula mafi tsada a shagon, ni ko a jikina. So hana ganin laifi.

Da muka isa ƙofar gidanmu na shiga na ɗauko jan farce zan ɗiga a gindinta, kamar yadda kowace mace ke yi wa kwanonta don kada ya ɓace a hannun mutane. Ya fizge ta.

"Kada ki ɓata min kula da ƙauyanci!"

Na mayar da murfin jan farcen, na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri fa!

Daga nan na zama baiwar kula. Kafin gari ya gama wayewa na hura wuta. Yau burabisko da miyar yakuwa, gobe tuwon ndaleyi da miyar kuɓewa, ran da na sayar da hula kuwa har naman danderu nake yi masa. Mamana ta gaji da kallona, ta ce, "Yagana, namijin da ba a ɗaura muku aure ba kike yi wa wannan bauta? To, Allah ya sa ki ci riba."

Na zumɓura baki, na ci gaba da tuƙi.

Kular ta fara kwana a waje. In na tambaya sai ya ce, "Ragowar nake kai wa Hajiya, 'yar lelena. Ba ki ga yadda take suɗe hannu ba."

Daɗi kamar ya kashe ni. Na ƙara yawan abincin, na ƙara man shanu.

Wata Alhamis mai keke ya dawo min da ita da nauyi. Ina buɗewa na ga kwalbar humra da turmin atamfa an naɗe shi tsaf a cikin jakar. Mutanen kirki ba sa mayar da kwano wofi, kowa ya san wannan. Hajiya ce ta aiko min tukuici!

Na yi tsalle, na rungume Mamana ina kuka.

"Ta karɓe ni, Mama! Wallahi ta karɓe ni!"

Ban gaya wa Hashim ba. Washegari na yafa lafayata mafi kyau, na shafa humrar, na hau keke zuwa gidansu a Wulari don in yi godiya.

Na yi sallama a ƙofar falo. Hajiya tana kan kujera, Hashim a ƙasa kusa da ƙafarta. Gefenta wata farar yarinya ce mai dogayen farata tana latsa waya. Yana ganina ya miƙe zumbur.

Na durƙusa. "Ina wuni, Hajiya. Na zo godiya ne, na ga saƙo. Allah ya ƙara girma."

"Wane saƙo?"

"Humra da atamfa, a cikin kula..."

Ta juya ta dubi ɗanta. "Hashim, tukuicin da na ba ka ka kai wa Lubna, ina ka kai shi?"

Yarinyar ta ɗago kai tana yatsina. "Au, Hajiya, shi ya sa ban gani ba? Ni da na ce ko girkin nawa ne bai yi miki ba."

Girkin nata!

Na dubi Hashim, shi kuwa tayil ɗin falon yake kallo.

"Hajiya, ni nake dafawa," na ce. "Kular ma ni na saya da kuɗina."

Lubna ta yi dariya. "Kulata ce, kowa a ofis ya san ni da ita. In taki ce, ina alamarki a jiki?"

Ashe shi ya sa ya nace sai irin tata.

"Hashim, ka yi magana mana! Ka gaya musu!"

Ya share gumi. "Yagana, don Allah kada ki tara min jama'a. Mai keke ne ya yi kuskure. Ki je gida, za mu yi waya."

"Lefen namu fa? Kuɗin da ka ce kana tarawa?"

"An kai lefe ranar Asabar," in ji Hajiya, hankali kwance. "Gidan su Lubna."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Hawaye ya ɓalle min, na ji kunyar kaina fiye da yadda na ji haushinsu.

Hajiya ta ce wa Lubna ta shiga ciki ta ɗauko mata ruwa. Tana ɓacewa, ta yafito ni da hannu. Na matsa da gwiwoyina. Wallahi har a lokacin raina yana gaya min za ta share min hawaye.

Ta rage murya. "Ke yarinya, kin ɗauka ni sakarai ce? Tun lomar farko na san ba hannun Lubna ba ne. Mai waɗancan farata ko shayi ba ta iya haɗawa."

"To Hajiya, in kin sani..."

"Na sani mana. Sai dai ubanta ne ke riƙe da ɗana, kuma gida zai ba su. Girki kuwa ai ana ɗaukar mai yi." Ta gyara zama. "Bayan biki za su buƙaci mai dafa musu, ni ma bakina ya saba da miyarki. Faɗi, nawa za a riƙa ba ki a wata?"

Na juya ga Hashim, ina jira ya ce kai Hajiya, wannan ya yi yawa.

Ya matso, ya sunkuyo daidai kunnena, da muryar nan da yake ce min hasken idona.

"Ki karɓa mana, Yagana. Kin ga kullum za mu riƙa ganin juna."

Na miƙe. Na fice ban waiwaya ba. Sai da na kai bakin titi na lura takalmi ɗaya ne a ƙafata, ban kuwa koma ɗaukar ɗayan ba.